Na haɗa Twisted da Qt, taga ta daskare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhaja da Twisted (kayan aikin sadarwa ta intanet) a Python, tana karɓar saƙonni ta intanet lafiya lau. Da na yi mata taga da PyQt5 (wato Qt, kayan gina taga, a Python) sai abu ya rikice. In na kira reactor.run() na Twisted tagar ta daskare, in kuma na kira app.exec_() na Qt saƙonni su daina shigowa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ai sarki biyu ka naɗa a gari ɗaya. Twisted na da madaukin jiransa mai suna reactor, wanda yake zaune kamar maigadi yana sauraron soket, wato ƙofar da saƙonni ke shigowa ta cikinta, Qt ma na da nasa mai jiran a danna maɓalli. Duk wanda ka fara kira a cikinsu zai riƙe zaren aiki, wato layin da umarnin manhajar ke bi ɗaya bayan ɗaya, ba zai saki ba sai an rufe manhajar. Dole ɗaya ya yarda ya zama baƙo a gidan ɗayan.

Twisted ne ya fi sauƙin kai. Tun asali an gina shi yadda za a iya sauya masa madauki: epoll a Linux, kqueue a macOS da BSD, IOCP a Windows. Naka kuwa qt5reactor yake buƙata. Shi yana miƙa kowane soket ga QSocketNotifier, ya miƙa ayyukan da aka ɗage zuwa wani lokaci ga QTimer, sai Qt ya yi gadin duka biyun.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne jerin layuka. Ka fara ƙirƙirar QApplication, ka kira qt5reactor.install(), sannan ka shigo da reactor. Idan wani fayil, ko da ba naka ba ne, ya riga ya shigo da reactor a sama, Twisted ya riga ya zaɓi nasa, sai ka ga ReactorAlreadyInstalledError. Na taɓa ɓata yini guda kan wannan, ashe wani ɗan layi ne a fayil ɗin gwaji.

Wasu za su ce ka jefa Twisted cikin wani zare daban. Yana aiki, amma ni ba na so, domin Qt bai yarda a taɓa taga daga wani zare ba sai babban, kuma kurakuran da hakan ke haifarwa ba sa fitowa kullum.

In ka ce ta asyncio za ka bi, wato tsarin madaukin jira na Python kansa, ka kula a Windows: tun Python 3.8 madaukin da ke zuwa kai tsaye ba shi da add_reader, umarnin sauraron soket, alhali asyncioreactor, mai haɗa Twisted da asyncio, da shi yake aiki, don haka sai ka zaɓi SelectorEventLoop da hannunka.