Dandalin Lafiya: Shin aikin nas ne danna ƙirjin majinyaci kafin likita ya iso?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu yana kwance a wani asibiti a nan Gombe sai numfashinsa ya ɗauke, nan take wata nas ta hau danna masa ƙirji da ƙarfi tun kafin likita ya iso. Allah ya sa ya farfaɗo, amma an ce mana haƙarƙarinsa ya tsage. Shin wannan aikinta ne, kuma an koya mata shi?
Daga wata mai karatu a unguwar Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Aikinta ne ƙwarai, kuma da ta tsaya jiran likita, da wataƙila labarin ya sha bamban. Idan zuciya ta daina harba jini, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, alhali a yawancin ɗakunan jinya nas ce ke kusa da gado dare da rana, likita kuwa sai an kira shi.

Abin da ake koya wa ma'aikatan jinya yana da ƙa'ida. Da farko su gane cewa zuciya ta tsaya, wato majinyaci ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, kuma ba a jin bugun jijiyar wuyansa. Jan numfashin nan mai kama da shaƙuwa da mutanenmu kan ɗauka gargarar mutuwa ce, har a fara salati ana rufe wa mutum ido, sau da yawa alama ce cewa lokacin fara ceto ya yi. Daga nan sai a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, ana hura iska sau 2 bayan kowane dannawa 30. Dannawa mai wannan zurfi kan tsaga haƙarƙari, musamman ga dattawa, amma ƙashi yana warkewa cikin makonni, ƙwaƙwalwar da ta rasa jini kuwa ba ta komawa yadda take.

A mataki na gaba ana koya musu karanta layin bugun zuciya a na'ura, da amfani da injin da ke girgiza zuciya da lantarki idan bugunta ya rikice, da kuma ba da allurar adirenalin, mai zaburar da zuciya, duk bayan minti 3 zuwa 5. Wannan dabara ta danna ƙirji ta yaɗu ne tun daga 1960, bayan binciken da aka yi a asibitin Johns Hopkins na Amurka.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu yana mantuwa. Takardar shaidar wannan horo da Ƙungiyar Kula da Zuciya ta Amurka ke bayarwa shekara 2 take aiki, amma ƙwarewar kan fara raguwa cikin 'yan watanni idan ba a gwaji a kan mutum-mutumin roba. Don haka a ganina bai kamata horon ya tsaya a manyan asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi ba, domin nas ɗin da ke Dukku ko Kaltungo ita ce ta fi nesa da mai kawo mata ɗauki.

Ku kuma 'yan uwa, idan kuka ga an fara dannawa, ku ja baya ku ba da wuri, kada ku riƙe hannun nas, kada kuma ku ɗura wa majinyaci ruwa a baki.