Fomalin kashi 10: mililita nawa za a ɗiba?

Malam, tambayarka ita ce mililita nawa za ka ɗiba daga kwalbar fomaldehayid mai kashi 37 zuwa 40 don haɗa lita 1 ta fomalin kashi 10, wato ruwan da ake adana tsokar da aka yanko don gwaji a ciki. Ɗebi mililita 100, ka ƙara tataccen ruwa mililita 900. Kada ka sa 40 a lissafin, mililita 250 zai ba ka, haɗin ya yi ƙarfi. Abin da ke kwalbar ana ɗaukarsa kashi 100 ne.

Amma in tsokar da aka yanko za ta daɗe ciki, sai ka zuba gishirin sodiyam fosfet iri biyu a litar: giram 4 na wanda ake kira monobesik, giram 6.5 na daibesik. In babu shi ruwan kan yi tsami, ka tarar da baƙin ɗigo-ɗigo a silaid, wato gilashin da ake duba tsokar a kai da madubin likita, musamman inda jini ya taru.