Ka fara da ƙaramin babur, babban zai jira ka

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na karanta tambayarka har ƙarshe. Ka ce ka samu aiki a cikin garin Kano, kana zaune wajen Mariri, kuɗin adaidaita sahu yana cinye maka albashi, kuma ba ka taɓa tuƙa komai ba sai keke. Yanzu kana tsakanin abu uku: sabon Boxer na kamfanin Bajaj, ko roba-roba (ƙaramin babur ɗin nan mai robobi a jiki), ko wani babban babur na hannu mai 600cc (cc ma'aunin girman inji ne) da dillali ya nuna maka, wanda abokanka suke ta zuga ka a kansa. Ni na daɗe a kan babur a garin nan, tun kafin gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, kuma na hau ƙanana na hau manya. Zan gaya maka abin da zan gaya wa ƙanina na ciki ɗaya.

Babban nan ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Ba raina ka na yi ba. Boxer mai 100cc ƙarfinsa bai wuce na doki 8 ba, nauyinsa kuma kilo ɗari da 'yan kai. Waɗannan na tseren masu 600cc ƙarfinsu ya haura na doki 100, nauyinsu yana kusan kilo 200. Abin da ke faruwa da sabon mai koyo kuwa iri ɗaya ne a ko'ina: da ya firgita sai ya damƙe kan babur da ƙarfi, hannun damansa ya murɗa totur bai sani ba. A ƙaramin babur sai ya ɗan zabura, ya yi tangal-tangal, injin ya mutu, ka sa ƙafa ka tsaya kana haki. A babban kuwa, kafin ka gane abin da hannunka ya yi ka riga ka isa bayan tifa. Na taɓa tsayawa a wani filin makaranta ana koya wa wani saurayi, ya saki kuloci gaba ɗaya, babur ya fizge shi, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa, idonsa a kan katanga, ya manta akwai birki kwata-kwata. Ƙaramin babur ne, shi ya sa ya tashi da ƙujewar gwiwa kawai, ya karkaɗe wando ya sake hawa.

Ban da haɗari, akwai riƙo. Manyan nan yawancinsu ba kafireta gare su ba, na'ura ce ke sarrafa musu mai, ga lagireto, ga wayoyi birjik. Bakaniken bakin layinku ba zai taɓa shi ba, idan ma ya taɓa ka shiga uku. Abu kaɗan ya lalace sai an aika Legas ko waje, babur ya kwana biyu a zaure an lulluɓe shi da tsumma, kai kuma ka koma hawa adaidaitan da ka gudu. Ga mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Ƙaramin babur mai lafiya zai yi maka kilomita 40 zuwa 50 ko fiye a lita ɗaya, babban ko rabin haka da ƙyar. Kai da ka zo neman sauƙin kuɗin mota, ina kai ina wannan?

To, saura biyu. A nan ba zan yanke maka kai tsaye ba sai ka yi abu ɗaya: ka je Fagge wajen masu sayarwa, ka nemi izini ka zauna a kan kowanne. Ka ga ko tafin ƙafarka biyu suna taka ƙasa sosai, ba ɗage ba. Ka ɗan karkata shi hagu da dama ka ji nauyinsa a cinyarka. Ka sauka ka tura shi gaba da baya, ka ɗora shi a kan jak ɗin tsakiya ka sauke. Wanda ya ba ka wahala a tsaye cikin shago zai fi ba ka wahala a cunkoson Kantin Kwari da rana tsaka, mota a gabanka, mai kura a bayanka yana ihu.

Roba-roba ba abin kunya ba ne, duk da abin da samari ke faɗa. Yawancinsu 110cc ne, ba su da kulocin hannu, giya kawai za ka taka, ba su da nauyi, ba sa shan mai, kuma suna kare ƙafa daga taɓo. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da dattawa da yawa shi suke hawa shekara da shekaru. Rauninsa biyu ne: robobin jikinsa suna fashewa idan ya faɗi, kuma bai son ramuka da kaya masu nauyi. Idan da a cikin unguwa kake aiki, kwalta daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, da shi zan ce ka ɗauka.

Amma hanyarka titin Maiduguri ce, da tireloli da tankokin mai da motocin haya masu gudu, kuma na san lungunan wajen Mariri da damina. Don haka ni ra'ayina ya fi karkata ga mai kuloci, 100cc zuwa 125cc. Ya fi zama daram a titi idan babbar mota ta wuce ka da iskarta, ya fi tsayi daga ƙasa, ya fi jure rami. Kuma koyon kuloci ba wani abu ba ne, 'yan kwanaki ne hannunka ya saba, daga nan kowane babur ka samu za ka iya tuƙawa.

Batun kamfani kuwa, kada ka tsaya jayayyar majalisa. Bajaj da TVS na Indiya ne, Haojue da Lifan da Jincheng da Daylong na China ne, Honda kuma suna da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979. Kowanne yana da masoyansa. Abin da za ka yi shi ne ka je wajen bakaniken da ya fi kusa da gidanku, ka zauna a bencinsa ka tambaye shi wanne ya fi sani, wanne ne kayansa suke a shagon da ke kallonsa. Boxer ya yi suna ne saboda ko a ƙauye ya mutu maka za ka samu mai gyara da kayan gyara. Sai dai farin jinin nan yana da tsada: ɓarayi ma shi suka fi so. Duk wanda ka saya, ka haɗa da sarƙa da kwaɗo mai kyau, kada ka dogara da makullin kai kaɗai, musamman a ƙofar masallacin Juma'a da bakin kasuwa.

Idan kuɗinka sun kai sabo, ka sayi sabo, domin wanda bai san babur ba shi ake sayar wa da matsala. Idan dole na hannu ne, to ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma ka je da sassafe. Ka taɓa injin da bayan hannunka. Idan ka ji shi da ɗumi an riga an tayar da shi kafin ka zo, ka ce za ka dawo gobe, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa. A buga shi a gabanka, ka tsuguna bayan salansa ka duba. Shuɗin hayaki yana nufin yana cin baƙin mai, ringin cikin inji ya tafi, sai dai in irin tsohon Jincheng ɗin nan ne da ake haɗa masa mai da man inji, wanda shi hayaki ɗabi'arsa ce. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa: idan ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba ne don a rufe ƙarar inji. Ka duba haƙoran da sarƙa ke hawa, idan sun yi tsini sun lanƙwashe, canji ya zo. Ka tsaya daga bayan babur ka kalli tayar gaba da ta baya ko suna kan layi ɗaya, ka leƙa wuyansa da ƙarƙashin tanki ko akwai sabon walda da aka shafe da fenti. Babur ɗin da ya yi aikin haya ana gane shi: kujera ta lotsa, matakin fasinja ya side, shokozoba ta mutu. Ko mitarsa ta nuna tafiya kaɗan kada ka yarda, cire waya ake yi.

Takardu sun fi duk wannan. Lambar inji da lambar shasi da ke jikin ƙarfe su zama daidai da na rasit, harafi da harafi, ka karanta da kanka. Idan ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, ka kama hanyarka ko da kyauta aka ba ka. A rubuta yarjejeniya da shaidu, da hoton mai sayarwa da katin shaidarsa. Mutane nawa aka kama da babur ɗin sata alhali da guminsu suka saya? Bayan nan ka yi lamba, ka yi lasisin tuƙi na ajin A wanda shi ne na babur, ka yi inshora. Hakan zai raba ka da yawan tsayuwa gaban KAROTA, masu kula da titunan Kano, da 'yan Road Safety. Kuma idan za ka fita wata jiha da shi ka fara tambayar dokar wurin, domin tun 2021 jihohi irin su Kaduna da Katsina da Zamfara sun sha sa takunkumi kan babura saboda matsalar tsaro.

Kada ka zuba duk kuɗin a babur ka dawo gida ba ko sisi. Ka ware na hular kwano tun farko, mai rufe haɓa, wadda ta kama kanka ba ta yawo, kuma ka riƙa ɗaure igiyarta. Hular 'yan gini ba ta wannan aikin ba ce. Na san za a ce zafi, za a ce ina za ka sa hular Zanna. Ka sa ta a jaka, ka ɗora idan ka sauka. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya ga yadda ake ɗaura ƙafa da hannu su warke, amma kai idan ya bugu da kwalta labarin daban ne. Takalmi sau-ciki, ba silifa ba. Babbar riga ko jallabiya kuma ka tattare ta ka zauna a kanta, haka za ka gaya wa iyalinka game da hijabi da zani ranar da ka fara ɗaukarsu, domin sarƙa da tayar baya suna fizgar tufa cikin ƙiftawar ido.

Ranar da aka kawo shi, kada ka hau titi. Ka samu fili, ka samu mutum mai haƙuri, ka koyi tashi da tsayawa har ka gaji, sannan juyawa a hankali kamar kana zana lamba takwas. Ka koyi birkin gaba. Da yawa daga cikinmu an koya musu cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, sai suka bar shi, alhali mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Matsa shi ake yi a hankali tare da na baya, ba damƙa ba, kuma ba a cikin kwana ko kan yashi ba. Yashin nan da ke taruwa a gefen kwalta da ruwan farko na damina su suka fi kayar da sababbi. Idan kana bin adaidaita sahu ka ba shi tazara mai yawa, domin da fasinja ya ɗaga hannu zai yanke gabanka ba sigina.

Watan farko kada ka ɗauki kowa, ko da abokin da ya raka ka saye ne. Ka fara gwada hanyar ofis ranar Lahadi da safe lokacin da titi ba kowa, ka san inda ramuka suke da inda za ka juya. Idan sabo ne kada ka matsa masa gudu, ka canza baƙin mai na farko wajen kilomita 500 ko yadda littafinsa ya ce, ka riƙa duba iskar taya da sassaucin sarƙa duk mako. Idan ka je ka zauna a kansu ka dawo ka gaya mana wanne ƙafarka ta fi kamawa, sai mu ƙarasa maganar. Allah ya sa a saya a sa'a, ya tsare hanya.