Gefen direba zafi, gefen fasinja sanyi: a daina ɗura wa motar gas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Honda Accord ƙirar 2007, mai esi da ake saita wa kowane gefe nasa sanyin. Tun shigowar bazara gefen fasinja ke ba da sanyi ƙalau, ni kuwa gefena iska mai zafi ce ke dukan fuskata sai ka ce an kunna hita. Da na murza makulli nakan ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashin dashbod, wajen gwiwata ta dama, ya ɗan jima ya daina. An ƙara mini gas har sau biyu, babu abin da ya canja. Yanzu mai gyaran ya ce sai an sauke dashbod gaba ɗaya. In yarda?
*Mai karatu daga Gusau*

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yarda a sauke dashbod ɗin nan tukuna, kuma don Allah kada a sake ɗura gas. Gas ɗin esi da awo ake zuba shi. Mota irin taka wajen rabin kilo take ɗauka na gas nau'in R134a, adadin na nan rubuce a wata takarda da aka manna a ƙarƙashin bonet. In aka wuce kima, kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ita ce ke shan wahala, sanyin ma raguwa yake yi.

Wannan ƙarar da kake ji ita ta nuna mini inda ciwon yake. A bayan dashbod akwai wani akwatin roba da duk iskar mota ke bi ta cikinsa. A ciki akwai ƙaramin lagireton sanyi na esi, akwai kuma na hita, wanda ruwan inji mai zafin kusan digiri 90 ke ratsawa. Tsakaninsu akwai ƙofa da ke karkatar da iska, ta bi ta hita ko ta kauce mata. Abin da ke tura ƙofar wani ɗan inji ne baƙi da bai kai tafin hannu ba. Masu kayan gyara suna ce masa sabo ko aktuweta, mu a gareji muna cewa motar ƙofa. Motarka na da guda na gefen direba, guda na gefen fasinja, da wani mai raba iska tsakanin fuska, ƙafa da gilashi, da kuma mai rufe iskar waje. Na gefenka ne ya tsaya a wajen zafi.

Gaskiya ne ƙarancin gas ma yakan sa gefe ɗaya ya fi ɗaya sanyi, shi ya sa masu gyara ke saurin ɗauko silinda. Amma wancan ɗumi-ɗumi yake kawowa, ba zafin hita ba, kuma gas ba ya ƙas-ƙas. Ka buɗe bonet esi na kunne, ka taɓa bututun alminiyam mai kauri da ke shiga cikin mota. In ka ji shi da sanyi yana gumi, ruwa kuma na ɗiga a ƙarƙashin mota, sashen gas lafiyarsa lau.

Daga nan sai a kwanta. Ka tura kujera baya, ka cire murfin robar da ke ƙarƙashin sitiyari, ka haska tocila gefen akwatin, sama da totur. Ka sa wani ya riƙa kai sanyin gefen direba daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Za ka ga ɗan hannun roba da ke fitowa daga motar ƙofar. Mai lafiya yakan tafi sumul ya tsaya. Marar lafiya yakan yi rawa gaba da baya, ko ya ƙi motsi kana jin injin ciki na gurnani. Ɗora yatsa a jikinsa, za ka ji bugun a yatsanka.

Kafin a kwance, a cire kan batir na negatif a jira minti 3, saboda wayoyin jakar iska na wajen. Duk soket da waya mai launin ɗorawa, a bar su yadda suke. Kuma ka tabbata kana da lambar sirrin rediyonka, domin Accord ta waɗannan shekarun takan kulle rediyo da zarar an cire batir. Motar ƙofar kanta soket ɗaya ce da ƙananan sukurori, galibi uku. Na can ciki shi ne mai ba da wuya, sai da gajeren sukurudireba da haƙuri, kuma in ya faɗi bayan kafet ka shiga nema.

Ga wurin da nake so ka tsaya a kan mai gyaranka. In an cire motar ƙofar, kada a ruga kasuwa. A mayar da batir, a tayar da inji, a kunna esi, sannan a tura hannun ƙofar da yatsa. Ya kamata ya tafi cikin sauƙi, ka ji ya tsaya tip a kowane ƙarshe, iskar gefenka kuma ta koma sanyi nan take. In haka ta faru, ƙofa lafiya, dashbod zai zauna inda yake. In kuwa ta cije, akwai abin da ya tokare ta. Mun sha ciro biro, kwabbai, tsinken sakace da sheƙar ɓera da suka faɗa ta ramin iskar gilashi. Kada a matsa mata da ƙarfi, roba ce da ta sha rana shekara da shekaru, kada ana kukan targaɗe a samu karaya. Sabuwar motar da aka ɗora wa ƙofa mai cijewa ita ma haƙoranta za su zube. Sai in hannun na juyawa fayau babu tsayawa, iska kuma ba ta canjawa, sannan za a ce ƙofar ta karye a ciki. A nan ne kaɗai maganar sauke dashbod ke da hujja.

Sau da yawa ma ba sai an sayi wata ba. A ɓalle murfin motar ƙofar a hankali. Ciki za a ga ɗan inji mai aiki da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 12, da giyoyin roba, da wani faifai mai layin baƙi ko na tagulla wanda 'yan yatsun ƙarfe ke gogawa. Faifan nan shi ke gaya wa kwamfutar esi inda ƙofa take. Tsohon giris da ƙurar hunturu sukan taru a kansa su daskare, kwamfuta ta rasa inda ƙofa take, ta yi ta lalube, shi ne rawar da kake gani.  A wanke da feshin wanke lantarki, ba da fetur ba, a ɗan ɗaga yatsun kaɗan, a shafa giris mai laushi a giyoyin. Amma in ka ga haƙorin giya ya ɓantare, gam ba ya riƙe shi, sai canji.

In za a saya, ka ɗauki tsohuwar a hannu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a haɗa lambar da ke jikin sitika. Na hagu da na dama sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Ni na fi son na Beljiyam na asali a kan sabo marar suna, sai dai ka tuna shekarunsu ɗaya da naka, don haka ku yi da mai shago cewa za a gwada a mota. Wajen ɗaurawa, a fara sa soket, a kai saiti ƙarshen sanyi, a tura ƙofa wajen sanyi da hannu, sai hannun ya faɗa gurbinsa ba tare da dole ba. Bayan an gama a murza makulli a bar madannan esi kamar minti ɗaya ba a taɓa ba, domin wasu motocin da kansu suke auna iyakar ƙofa, wasu sai an sa musu na'urar bincike.

Akwai masu ce maka a yanke hita kawai, a haɗe bututun ruwan biyu a bayan inji. Zafin zai ɗauke, amma ƙarar na nan, kuma ranar da ruwan Agusta ya same ka a hanyar Funtuwa gilashi ya yi hazo, za ka nemi iska mai ɗumi ka rasa. Ban ba da wannan shawarar ba sai in lagireton hitar ne ke yoyo.

Tambaya: Malam, Corolla ce da ni ƙirar 2005, mai madannan murzawa. Duk inda na murza, iska ta ƙafa kawai take fita.
*Mai karatu daga Jos*

Amsa: Hajiya, taki da sauƙi in sha Allahu. Irin wannan Corolla mai murzawa da hannu yawanci wayar ƙarfe ce ke jan ƙofar, irin ta birkin keke. In madannin ya yi sakwa-sakwa yana juyawa ba nauyi, wayar ce ta zame daga maƙalinta, ko cikin madannin ya fashe. A zare madannin a duba bayansa, sannan a leƙa gefen akwatin iska a ga ko kan wayar na nan a maƙale. Ki ce wa mai gyara ya duba waɗannan biyun kafin ya kawo miki maganar sayen wani abu.