Motata ta koma shan mai

Tambaya: Corolla ce ta 2005. Kwanan nan tana shan mai fiye da da, ga baƙin hayaƙi ta salansa. Ina mafita?

Amsa: Malam, baƙin hayaƙi na nuna fetur ya rinjayi iska a injin. Fara da matatar iska da sensar da ke bayanta, don ƙurar hunturu kan dame su. Sannan a ciro fulogi. In bakinsu ya yi baƙi ƙirin, a canza duka huɗun. In bai daina ba, a jona na'urar gwaji a duba sensar oksijin ta jikin salansa da nozul, wato masu fesa mai a injin, ko suna yoyo.

Tambayi bakanikenka kuma ko ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin. Da yawa kan cire shi wai saboda zafi, alhali injin da bai ɗumama ba ƙarin mai kwamfutarsa ke zuba masa.