Ina da ƙaramin ciki, in ci gaba da hawan doki?

Assalamu alaikum Anti. Cikina ya kai mako 8, kuma na fari ne. Tun ina yarinya nake hawan doki, ban fasa ba har aka tabbatar min da juna biyu. Yanzu maigidana ya kafe sai na daina, alhali dokin nan na san halinsa, ba ya tutsu. Abin da ya fi hana ni barci shi ne hawan da na yi kafin in sani. Ko na cutar da abin da ke cikina?

Mai Neman Mafita

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya.

Kwantar da hankalinki kan abin da ya wuce. Har zuwa kusan mako 12 mahaifa tana can ƙasa, ƙasusuwan ƙugu sun kare ta. Kusan rabin ɓarin da ake yi a farkon ciki daga matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, ba daga motsin uwa ba. In dai ba ki faɗi ba, ba ki ga jini ba, ki yi barcinki.

Amma batun ci gaba, ina bayan maigidanki. Haɗarin yana ga faɗuwa da harbi. Doki komai sanyinsa dabba ne, ƙara ɗaya kan firgita shi. Ke kuma jikinki ya canza: ga jirin laulayi, ga sinadarin relaxin da ke sassauta gaɓoɓi, riƙon da kika saba yi wa sirdi ba lallai ya yi ƙarfi kamar da ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, ACOG, ta sa hawan doki cikin wasannin da mai ciki za ta guje wa. Ko cikin bai taɓu ba, karaya ko buguwar kai na nufin hoto, magunguna, wataƙila ma tiyata, duk da ciki a jikinki. In cikin ya tsufa kuwa, bugu a mara na iya ɓamɓare mabiyiya.

Ki koma tattaki ko ninƙaya, minti 150 a mako ya wadatar. Dokin kuwa ki riƙa duba shi, amma kada ki tsaya ta bayansa.

In kin ga jini, ko mararki ta murɗa sosai, ki tafi asibiti nan take. Ranar awo ki faɗa wa likita kin yi hawa, ki kuma tambayi rukunin jininki, don mai jini Rh negatif kan buƙaci allurar anti-D, mai hana jikin uwa yaƙar jinin ɗan tayi, bayan buguwa ko zubar jini.

Antinku