Hasken Taurari da Kwana Shida na Littafin Farawa

Tambaya: Malam, ni Kirista ne daga Aboabo a Kumasi, ina karatun kimiyya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah. A aji an ce sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8 da samuwa, fastonmu kuwa ya ce shekara 6,000 ne kacal. Dole ne in bar ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, ba dole ba ne, amma adadin 6,000 ɗin nan ba zai tsaya ba.

Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, duk da haka sai ya yi minti 8 kafin ya iso mana daga rana. A watan Nuwamba, kafin hazo ya sauko, ka fita bayan gari a daren da babu farin wata, ka dubi arewa wajen ƙarfe tara. Za ka hango wani ɗan fari-fari dishi-dishi. Tarin taurarin Andromeda ke nan, kuma hasken da ya shiga idonka ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya.

Yaya aka san nisan? Tauraro na kusa, ana auna matsayinsa yau, a sake aunawa bayan wata 6, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, tazarar kilomita miliyan 300. Ɗan gocewar da ya yi ita ke ba da nisansa. Masu nisa sosai ba a ganin gocewarsu, sai a nemi taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna cewa tsawon wannan zagayen yana bayyana ainihin ƙarfin hasken tauraron, a gwada shi da yadda ya dusashe a wurinmu.

Shi kuwa 6,000 ba aya ba ce. Bishop James Ussher na Ailan ne ya tara shekarun zuriyoyi a 1650, ya ce an yi halitta a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Matsalar ita ce jerin zuriya yakan tsallake mutane: Matiyu 1:8 ya tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya. Sannan a Farawa sura 1, sai a kwana na huɗu aka yi rana, to da me za a auna awa 24 na kwana ukun farko? Agustin, bishop ɗan Afirka ta Arewa, ya yi wannan tambaya tun ƙarni na 5.

Wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1927, fada ne na Katolika, Georges Lemaître ɗan Beljiyam. Da Fafaroma Pius na 12 ya so ya mai da binciken hujjar halitta a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Awo yana iya canzawa idan aka sami na'ura mafi kyau, kuma madubin hangen nesa shekaru da nisa yake aunawa, ba ya faɗin wanda ya yi abin ko dalilin yinsa.